Tarihin Dakta Mary Pennington, Uwar Ɗakin Sanyi

 Yau tarihin wata mace na kawo muku, Ba'amurkiya, wadda ta rasu tun 1952. Na tabbata yawancinmu ba mu taɓa jin ko sunanta ba, alhali kuwa duk wadda ta taɓa sayen kifin ƙanƙara a kasuwar Birnin Kebbi ko ta Jega, ko ta ajiye ragowar miya a firji, ta ci moriyar aikinta. Sunanta Mary Engle Pennington.

Mu mutanen ƙasar Gwandu ba sai an gaya mana ɓarnar zafi ba. Da bazara, sa'ad da zafin rana ke wuce digiri 40, naman da aka yanka da safe in ba a soya shi ba kafin dare ya soma canza wari, madarar da aka tatso da hantsi kuwa kafin la'asar ta tsinke. Tumatirin fadama ana ɗora shi a mota yana ƙyalli, kafin ya isa Ikko wani kwandon ya zama ruwa. Manomi ya yi hasara, ɗan kasuwa ya yi hasara, uwargida kuma ta sayi ragowar da tsada. To, wannan ita ce damuwar da matar nan ta ƙare rayuwarta a kai.

An haife ta ran 8 ga Oktoba, 1872, a garin Nashville na ƙasar Amurka. Sunan mahaifinta Henry, mahaifiyarta kuma Sarah. Tana 'yar ƙarama suka ƙaura zuwa birnin Filadelfiya, kusa da dangin uwarta, waɗanda ke bin wata ɗariƙar Kirista da ake kira Kweka, mutanen da aka sani da sauƙin kai da kuma sanya 'ya'yansu mata makaranta. Tana da shekara 12 ta ci karo da wani littafi na kemistiri, watau ilmin sanin sinadaran da abubuwa suka ƙunsa, wanda aka rubuta domin likitoci. Yarinya ta duƙufa a kansa, da kalmomin suka gagare ta sai ta taka da ƙafarta har Jami'ar Fensilbaniya ta nemi wani shehun malami ya yi mata bayani. Aka sallame ta, aka ce ta dawo in ta girma.

Ta kuwa dawo. A 1890 ta shiga wannan jami'a, cikin shekara biyu ta gama duk abin da ake bukata ga mai neman digirin farko a kemistiri. Amma a zamanin nan jami'ar ba ta ba mata wannan digiri, saboda haka samarin ajinta suka karɓi digiri, ita kuwa aka miƙa mata satifiket na shaidar ta iya. 'Yan makaranta, ku dubi wannan da kyau. Wata da an yi mata haka sai ta naɗe tabarmarta ta koma gida tana kuka, ba kuwa wanda zai ga laifinta. Mary ba ta tafi ba. Malaminta, Edgar Fahs Smith, ya tsaya mata, ta zarce da karatu, a 1895 jami'ar da ta hana ta ƙaramin digiri ta ba ta babban, watau na dakta, tana da shekara 22. Daga nan ta ƙara karatun ilmin tsirrai, ta kuma je Jami'ar Yale ta koyi yadda sinadarai ke aiki a jikin mai rai.

Ta yi aiki a kwalejin koya wa mata aikin likita ta Fensilbaniya, ta kuma buɗe ɗakin gwaji nata inda likitocin gari ke aiko da jini da sauran abubuwa a auna musu. A 1904 hukumar lafiya ta birnin Filadelfiya ta ɗauke ta aikin binciken ƙwayoyin cuta, aka ɗora mata kula da madara. Kada ku ɗauka ƙasar Turawa tun fil'azal tsaf take. A lokacin nan madara na cikin abubuwan da ke kashe jarirai a manyan biranen Amurka, musamman da zafi, domin ana tatsar ta da hannu mai dauɗa, a zuba a mazubi mai dauɗa, ta yi doguwar tafiya ba sanyi. Mary ta bi garke garke tana dubawa, ta tsara ƙa'idodin tatsa da sanyayawa da ajiya, waɗanda daga baya wasu garuruwa suka ara.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan zango shi ne yadda ta yi da masu tallan askirim a bakin makarantu. Ba ta aika musu da 'yan sanda ba. Ta ɗebo abin da ke manne a bokitansu da cokulansu, ta sa a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, ta kira su suka leƙa da idonsu, suka ga halittu suna motsi a cikin abin da suke sayar wa yara. Daga nan suka yarda su riƙa tafasa kayan aikinsu. Duk malamar da ta taɓa koyar da kiwon lafiya a aji ta san bambancin a gaya wa mutum da a nuna masa.

A 1905 ta soma aiki da ma'aikatar gona ta gwamnatin Amurka, a sashen da wani likita mai suna Harvey Wiley ke shugabanta. A 1906 aka kafa dokar tsabtar abinci da magunguna, a 1907 kuma aka buɗe sabon ɗakin binciken abinci domin dokar ta sami abin dogara. Wiley ya san ba wanda ya fi Mary dacewa da shugabancin wurin, ya kuma san in aka ga sunan mace za a ture takardar gefe. Saboda haka aka shigar da sunanta jarrabawar ɗaukar ma'aikata da haruffa kawai, M. E. Pennington. Ta fi kowa maki. Sai bayan an ba da aikin manya suka gane ashe mace ce, bakin alƙalami kuwa ya riga ya bushe. Ita ce mace ta farko da ta shugabanci ɗakin bincike a wannan sashe. A 1908 ta halarci babban taron farko na duniya a kan sana'ar sanyaya abinci, wanda aka yi a birnin Faris.

Ya kamata in bayyana yadda sanyi yake a wancan zamani, domin babu firji mai lantarki a gidaje. Ƙanƙara ce ake saro ta daga tafkuna da hunturu, a adana ta cikin garin katako har bazara, ko kuma a yi ta a masana'anta. Manyan 'yan kasuwa na da ɗakunan sanyi, amma jama'a ba su yarda da su ba. Matan gida suna ganin duk abin da ya fito daga ɗakin sanyi tsohon kaya ne da aka ɓoye don a tsawwala kuɗi, sau da yawa kuma gaskiyarsu ce, domin ba wanda ya san sanyi nawa kaza ke bukata, ko kwana nawa ƙwai zai yi bai lalace ba. Kowa yana yi ne da ka.

Mary ta fara da kaza. Ta bi ta tun daga wurin yanka har teburin mai saye, tana auna zafi tana ƙirga ƙwayoyin cuta a kowane zango. Al'adar 'yan kasuwa a lokacin ita ce a tsoma kajin da aka fige cikin ruwan ƙanƙara, a kuma shirya su cikin ganga da ƙanƙara a tsakaninsu. Ta nuna cewa kazar tana shan ruwa ta yi nauyi, mai saye ya biya kuɗin ruwa, ruwan kuma yana yaɗa ƙwayoyin cuta daga wannan zuwa waccan. Abin da ya fi shi ne a rataye su a busasshiyar iska mai sanyi, dab da inda ruwa ke daskarewa, kowace da sarari tsakaninta da 'yar'uwarta. Ita da abokin aikinta Howard Pierce har suka ƙera wani maratayi na ƙarfe domin wannan aiki. Ta kuma tabbatar da cewa kazar da jininta ya tsiyaye sarai ta fi daɗewa ba ta ɓaci ba, wanda mu dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Sai ƙwai. A 1914 ma'aikatarta ta ƙiyasta hasarar ƙwai a Amurka ta kai dala miliyan 50 a shekara, wani ya fashe a hanya, wani ya ruɓe tun a gona. Suka shirya taragon jirgin ƙasa guda ya zama makarantar tafi-da-gidanka, yana tsayawa tasha tasha ana koya wa manoma da matansu su riƙa kwashe ƙwai a kai a kai da zafi, su ajiye shi a wuri mai sanyi, su haska shi da fitila a ɗaki mai duhu don a ga lafiyayye da bara-gurbi, su kuma raba zakara da kaji in ba ƙyanƙyasa ake so ba, domin ƙwan da ba na zakara ba ya fi jure zafi. Masu sayar da ƙwan zabi da damina, ga abin lura.

Amma aikin da ya fi ɗaukaka sunanta shi ne na taragon sanyi, a nan kuma zan ɗan daɗe, domin shi ne zuciyar labarin. Amurka ƙasa ce mai faɗin gaske. Naman da aka yanka a Chicago, da 'ya'yan itacen Kaliforniya, sai sun yi kwanaki a jirgin ƙasa kafin su kai biranen gabas. Taragon da ke ɗaukar su yana da akurkin ƙanƙara a kowane ƙarshe, ana cika shi ta sama, wani lokaci a barbaɗa gishiri don sanyin ya ƙaru, a kuma sake cikawa a tashoshin hanya. Duk da haka kaya na isa a ruɓe. Masu jirgi su ce laifin masu kaya ne, masu kaya su ce laifin masu jirgi ne, maganin da kowa ya sani kuwa shi ne a ƙara ƙanƙara.

Mary da ma'aikatanta suka dasa ma'aunan zafi a cikin taragu, sama da ƙasa, tsakiya da gefe, suka bi jiragen dubban mil, cikin zafi da cikin sanyi, suna rubuta abin da kowane ma'auni ya nuna. Sai ga abin mamaki. A cikin tarago ɗaya, kayan da ke ƙasa kusa da ƙanƙara suna neman daskarewa, waɗanda ke sama a tsakiya kuwa suna zaune cikin ɗumi suna lalacewa. Ashe ƙanƙarar ba ta gaza ba, sanyin ne ba ya tafiya.

Dalilin kuwa mai sauƙi ne, 'yar aji shida ma za ta gane shi. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, saboda haka ƙasa take gangarowa, mai zafi kuma ta hau sama. In an bar mata hanya, iskar da ta taɓa ƙanƙara za ta sauko ta bi ƙarƙashin kaya, ta ratsa tsakaninsu tana kwashe zafinsu, ta hau rufi, ta koma kan ƙanƙara ta sake yin sanyi, haka za ta yi ta zagayawa. In kuwa an jibge kaya a daɓe, an cusa su har bango, an toshe hanyar, to sanyin sai ya kwanta wuri ɗaya kamar ruwan kududdufi. Wani abin kuma da ba kowa ya sani ba, kayan lambu da 'ya'yan itace ko bayan an tsinke su suna da sauran rai, suna numfashi, suna fid da zafi daga jikinsu. Wadda ta taɓa cusa hannu a tsakiyar buhun ɗanyen barkono ko tulin alayyafo da ya kwana ta ji wannan ɗumi. In ba iskar da za ta ɗauke shi, kayan da kansu suke dafa kansu.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko a 1917, aka bukaci a kai abinci mai yawa bakin teku domin soja da ƙasashen Turai, sai hukumar abinci ta yaƙi, a ƙarƙashin Herbert Hoover, ta nemi taimakonta. Da aka duba taragun sanyi kamar 40,000, wajen 3,000 kaɗai ta samu sun cika sharaɗi. Sauran, wasu bangonsu ya yi siriri, wasu abin tare zafin da ke cikin bangon ya tsattsage saboda jijjigar tafiya, wasu kuma iska ba ta da hanya. Ta tsara yadda tarago na ƙwarai zai kasance: bango da rufi da daɓe masu kaurin abin tare zafi, daɓen katako mai tsaga-tsaga da aka ɗaga sama kaɗan don iska ta bi ta ƙarƙashi, akurkin ƙanƙara na ragar waya don iska ta taɓa ta ko'ina, da shinge tsakanin ƙanƙara da kaya mai ƙofa a sama da ƙasa. Wannan tsari ya zama abin koyi ga kamfanonin jirgin ƙasa shekaru da yawa. A 1919 aka ba ta lambar yabo saboda aikin da ta yi lokacin yaƙi, Hoover ɗin nan kuwa shi ne ya zama shugaban Amurka a 1929.

Ni kam da na karanta wannan sai rudun albasa na manoman Aliero ya faɗo mini a rai. Ba a zuba albasa a ƙasa, sai an yi mata gado na itace da kara an ɗaga shi, a yi mata jinka, a bar iska tana shiga ta ƙasa tana fita ta sama. Haka rumbun hatsi, a kan duwatsu ake ɗora shi. Kakanninmu ba su da ma'aunin zafi, amma sun san kayan gona ba su son a toshe musu numfashi. Bambancin kawai, ita ta auna, ta rubuta da lissafi, har ya zama ƙa'idar da injiniya zai bi ya ƙera tarago dubu iri ɗaya.

Iskar da ke zagayawa don kanta tana da nawa, ba ta kuma kai ko'ina daidai. Wannan ya sa aka kawo fanka. A shekarun 1940, tun Mary na da rai, aka fara sanya fankoki a taragun ƙanƙara, waɗanda juyawar ƙafar jirgin ke kaɗa su, suna tura iskar da ƙarfi ta ratsa kaya. A kan hanyar mota kuma, wani Baƙar fatar Amurka mai suna Frederick Jones, wanda ya koyi kanikanci da kansa, ya ƙera injin sanyi da ake liƙa wa babbar mota a 1938, shi da abokin cinikinsa Joseph Numero suka kafa kamfanin da aka sani da Thermo King. Ƙanƙara ta kau, inji ya maye gurbinta, amma ƙa'idar tana nan yadda take. Kwantenar sanyi da ke kawo kifi tashar jiragen ruwa ta Apapa tana da fankoki a gabanta masu hura sanyi ta cikin kwaroron da ke daɓenta, iskar ta hau ta cikin katan-katan, ta komo ta sama. A jikin bangonta daga ciki akwai jan layi, wanda ba a yarda kaya su wuce shi ba, don kada a toshe wa iska hanyar komawa. Haka ɗakin sanyin masu kifi da kaji a manyan kasuwanninmu, in kin shiga za ki ga akwati a sama da fankoki biyu ko uku suna juyawa dare da rana. In fankar nan ta mutu, ko injin yana aiki, kayan da ke lungu sai sun lalace.

Sai dai fanka ma tana da nata sharri. Iska mai ƙarfi tana busar da ganye da nama in ba a rufe su ba, ko ba a kula da laimar ɗakin ba, abin da Mary ta daɗe tana nanatawa. Ba kowane kaya ne kuma ke son sanyi iri ɗaya ba. Nama da kifi suna son dab da daskarewa ko ƙasa da haka, ayaba da ɗanyen tumatir kuwa wajen digiri 13 ya ishe su, in aka wuce da su ƙasa sosai ayaba ta yi baƙi, tumatir ya ƙi nuna. Iskar da ke zagayawa tana kuma ɗaukar wari, shi ya sa ba a haɗa ƙwai ko man shanu da albasa a ɗaki ɗaya.

A 1919 Mary ta bar aikin gwamnati ta koma wani kamfani mai yin abin tare zafi da itacen balsa, wani itace mara nauyi da ake samu a Kudancin Amurka. A 1922 ta buɗe ofishinta na kanta a birnin Niyu Yok, tana ba masu ɗakunan sanyi da masu jigilar abinci shawara, tana zana musu yadda za su yi gini. Ba ta manta da matan gida ba. A 1923 ta kafa wani ofis na wayar da kan uwayen gida a kan akwatin ƙanƙara, wanda shi ne firjin wancan zamani, suka buga ƙananan littattafai aka rarraba. Abin da suke koyarwa ya shafe mu har gobe: a sa madara a wurin da ya fi sanyi, a rufe abinci, kada a shimfiɗa takarda a kan kantocin ciki, kada kuma a cusa kaya har iska ta rasa wurin wucewa. Wannan na ƙarshe shi ne ciwonmu, musamman da Babbar Salla, sa'ad da ake danna nama a firiza har murfi ya ƙi rufuwa, maƙwabta ma su kawo nasu. Na gefe ya daskare, na tsakiya ya kwana biyu da ɗuminsa, in an ɗauke wuta kuma shi ne farkon yin wari. Gara a rarraba shi ƙananan ƙulli, a bar sarari, abin da ya rage a soya ko a yi kilishi yadda iyayenmu suke yi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, wasunsu kuma cikin minti 20 suke ninka yawansu.

Mary ba ta yi aure ba, ta zauna a Niyu Yok tana ta aikinta, tana yawan tafiye-tafiye har tsufanta. Ita ce mace ta farko a ƙungiyar injiniyoyin sanyi ta Amurka. A 1940 ƙungiyar masana kemistiri ta ƙasar ta ba ta lambar Garvan, wadda ake ba macen da ta yi fice a wannan ilmi, a 1941 kuma mujallar New Yorker ta buga dogon labarinta. Ba ta rufe ofishinta ba har ta rasu ran 27 ga Disamba, 1952, tana da shekara 80. A 2002 aka sanya sunanta cikin jerin fitattun matan Amurka, a 2018 kuma cikin jerin fitattun masu ƙirƙira na ƙasar, shekara 66 bayan rasuwarta.